Shekarar da Na Bar Balki a Gidan Dalma

Ƴaƴana, wannan babin na fi jan ƙafa kafin in rubuta shi, don babu inda zan tsaya a cikinsa in yabi kaina. Kun taso kuna jin ƙishin-ƙishin cewa Inna Rabi, matar wana Alhaji Mamman, ita ta ci ƴar'uwarku Balki. Ba wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku, amma kun ga yadda mata ke kauda kai in an ambaci sunanta, kun ga uwarku Zuwaira tana tofar da yawu. Ni kuma kun gan ni shiru, kuka ɗauka haƙuri ne irin na dattawa. Ba haƙuri ba ne, tsoro ne da kunyar banza. An ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ni kuwa na bar nawa har ya zame mini ciwo, don haka yau zan faɗa muku yadda abin ya faru tun daga tushe.

Kun san na yi shekara goma sha ɗaya a bakin teku, shi ya sa har yau tsofaffin Dakoro ke ce mini Isuhu Ɗan Teku. Gadi na fara yi, kamar yawancin mutanenmu da ke zuwa can, a wani gidan bincike da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Da suka ga ba na ƙyamar aiki sai suka shigar da ni ciki ina wanke musu kwatamai na gilashi, manyan mazuban ruwa. Ku dubi abin dariya: ni da na fito daga ƙasar da sai an ɗaura wa sa igiya kafin guga ya fito daga rijiya, ga ni ana biyana in zubar da ruwa in sake wani. Abin da suke kiwo a kwataman nan kawa ce, wata halitta mai ɓawo biyu kamar an kifa tafin hannu a kan tafin hannu, naman yana ciki. Ba ta da ƙafa, ba ta da ido, inda ta manne nan za ta mutu. Cinta da shanta duk ruwa ne, tana zuƙa tana tacewa tana fitarwa, kuma duk abin da ke cikin ruwan, mai kyau da marar kyau, a jikinta yake zama. Shugabarmu wata mace ce ƴar ƙasar, gajeriya mai faɗa, kowa Madam yake ce mata. Ita ta lura ina yawan leƙe, kuma maimakon ta kore ni sai ta riƙa nuna mini.

Wata rana ta jera kwatamai layi biyu. Layin dama ruwan teku ne mai tsabta. Layin hagu ta ɗiga masa wani abu kaɗan, ƙarfe narkakke irin wanda masana'antu ke saki a ruwa, ciki har da dalma. Ruwan bai canza launi ba, bai yi wari ba. Aka yi makonni ina ba su abinci, ina jiran in ga na hagu sun mutu, ba su mutu ba. Sai ta kira ni.

"Isuhu, nuna mini marasa lafiya a nan."

Na duba, na ƙwanƙwasa ɓawon, duk suna rufe bakinsu gam. Na ce mata duk lafiyarsu ƙalau.

"Haka kowa zai ce," in ji ta. "Zo ka gani."

Ta ɗan fasa gefen ɓawo, ta sa allura ta zuƙo jininsu, wanda fari ne kamar ruwa, ta ɗiga a gilashi ta ce in sa ido a madubin da ke ƙara girman abu. A jinin na dama na ga wasu ƴan ƙwayoyi suna rarrafe, suna miƙa jiki suna haɗiye ƙwayar cutar da ta zuba musu. Ta ce su ne masu gadin jikin kawa. A jinin na hagu masu gadin suna nan, amma yawancinsu sun dunƙule, cuta na wucewa ta gabansu ba su ko motsi. Ni da na yi gadi, abin ya ba ni haushi. Bayan nan ta zuba wa layin biyu ƙwayar cuta iri ɗaya, wadda ta ce ko a teku kullum suna gamuwa da ita. Cikin ƴan kwanaki na dama suka warware, na hagu kuwa suka fara buɗe baki ɗaya bayan ɗaya, ni ne mai kwashe su ina toshe hanci.

"In aka tambaye ka me ya kashe su, za ka ce cuta," in ji Madam. "Amma cutar ta tarar an riga an gama da mai gadi."

Wannan maganar na zo da ita gida, kuma kusan ita kaɗai na zo da ita. Aikin ya ƙare, gwiwata ta lalace, na sauka tashar Dakoro da jaka ɗaya da rediyo. Wana Alhaji Mamman bai goranta mini ba ko sau ɗaya. Shi ya gyara mini ɗakuna biyu, ya ba ni gona a hanyar Sabon Maci, ya aiko da hatsin da muka ci har kaka. Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai hannu sake, sai dai ba a ja da shi, in ya ce tafi, ko inuwarka ba ta tsayawa. Da can hatsi da wake yake kai wa Maraɗi. Da fanon sola, faifan nan mai samar da wuta daga hasken rana, ya cika ƙauyuka, sai ya gano wata sana'a: matattun batura. Yana sayensu a kasuwannin Ɗan Gulbi da Sabon Maci da Bader Goula, na sola da na mota, a jibge su a kangon bayan gidansa. Ma'aikatansa biyu, ƙarti majiya ƙarfi, su sare su da gatari, su tsiyaye ruwan asid a ƙasa, su zare farantan dalmar su narka a rabin tano, wato duro, su zuba a tsofaffin kwanoni ta daskare kamar curin ƙuli. Daga nan sai mota ta kwasa zuwa Najeriya. Hayaƙin yana da wani ɗanɗano mai zaƙi-zaƙi a maƙogwaro, kuma toka mai ruwan ƙasa-ƙasa tana sauka a kan komai, har kan faifan da aka rufe fura.

Inna Rabi ba ta taɓa haihuwa mai rai ba. Mace ce mai tsabta har ta wuce misali, irin wadda in ka ajiye takalmi a karkace sai ta gyara. Ita ta lura cewa inda tokar dalmar nan ta zuba, gara ba ta fitowa, kiyashi ma ba ya bi. To kun san yadda gara ta dame mu a unguwar nan. Sai ta sa aka kwaso mata tokar kwando-kwando, ta cuɗa da jar ƙasa ta yi daɓen tsakar gidanta da na ɗakinta, ya fito sumul yana ƙyalli. Mata suka riƙa zuwa kallo, wasu har da roƙon a sam musu. Akwatunan robar baturan da aka fasa kuwa ba a yar da su, ta wanke su tas, wani na ruwan kaji, wani na dusar awaki, wani ta kife shi ya zama kujera. Ba mugunta a ciki ko ƙwayar zarra, tattali ne irin na matanmu da ba su yarda a zubar da abin da zai yi amfani.

Balki ita ce ta uku a wurin uwarku, an haife ta shekara guda bayan dawowata. Ranar da ta isa yaye, Alhaji ya zo da hantsi ya zauna a kan tabarmata, abin da bai saba ba, don ni ke zuwa wurinsa.

"Isuhu, Rabi na son ɗiya. Ka ga gidan nan shiru kamar kushewa. A kawo mata Balki ta yaye ta, in ta yaye ta kuma ta zauna."

"Yaya, ai ba sai ka roƙa ba. Ɗiyarka ce."

Haka aka yi, kuma haka ake yi tun kakanni, ɗan ƙane na wa ne. Uwarku ta yi kukanta a ɗaki ta share, don kara ba ta bari uwa ta nuna. Rabi kuwa ta riƙe yarinyar nan kamar ƙwai. Ta yi mata kitso da wuri, ta saya mata ƴan warawarai, ba ta cin abu sai Balki ta ɗanɗana. Yarinyar ta tashi da surutu da waƙe-waƙe, in na shiga gaida Alhaji sai ta rugo ta kama mini gwiwar nan marar lafiya tana ce mini Baba Ƙarami. A kan daɓen nan take wuni, a nan take wasan ɗiya da gwangwani, a nan take cin tuwonta, in loma ta faɗi ta ɗauka ta mayar baki kamar kowane yaro.

Shekarar da ta cika huɗu ita ce shekarar da nake nufi. Da bazara kajin Rabi suka fara mutuwa, ba wai annoba ta share su rana ɗaya ba, a'a, ɗai-ɗai, wannan mura, waccan gudawa, alhali kajin maƙwabta na kiwonsu lafiya. Ƴan awakinta biyu suka bi. Da ruwa ya sauka, tabkin bayan gidan ya cika, wata safiya na bi ta gefensa zan tafi gona, sai na ga ɓawon katantanwa fari fat a bakin ruwa, daidai inda kwatar kangon Alhaji ke zuba. Na zaga ɗaya gefen tabkin, can katantanwar na nan da ransu suna manne da ciyawa. Na dawo na tsuguna na ɗauki ɗaya, na kai hanci. Warin da na baro a bakin teku ne. Ban tafi gonar ba ranar, na wuce gidan Alhaji na zauna ina kallon Balki. Ta rage waƙa. Tafin hannunta ya yi fari, tana yawan dafe ciki, kuma tarin da ta kwasa tun sanyi bai sake ta ba. Rabi ta ce ai haƙora ne, ko kuma shawara, tana ba ta jiƙo. Yarinya dai ga ta a tsaye, tana ci tana sha, kowa ya gan ta zai ce lafiyarta ƙalau.

Kada ku ce ban yi magana ba sam. Na yi, sau ɗaya, kuma da ban yi ba da ya fi mini sauƙin kare kaina. Bayan la'asar na sami Alhaji a zaure shi kaɗai, na yi ta kewaye-kewaye, na kawo labarin kawa da masu gadi da kwatamai layi biyu. Ya bari na gama, sannan ya yi dariya.

"Kai Isuhu, shekara sha ɗaya kana yi ma katantanwar teku wanka, shi ne yanzu za ka gwada ɗiyan mutane da ita? Mu da muke cikin hayaƙin kullum mi ya same mu?"

Na ce masa babba daban, yaro daban, kuma abin ba ya nunawa da wuri. Sai fuskarsa ta canza.

"Tsaya. Sana'ata ce ba ka so, ko ɗiyarka kake biɗa? In ɗiyarka ce, hwaɗi. Ga Rabi can ciki, tashi ka tahi ka hwaɗa mata da bakinka, ka ce gidanta na kashe ɗiya. Ni ba ni kai mata wannan saƙo."

Daga inda nake zaune ina jin muryar Rabi tana lallashin Balki ta ci abinci. Na tuna ɓarin da ta yi har biyu tun da aka fara sana'ar nan, na tuna hatsin da ke rumbuna na wanda ke gabana ne. Na ga kaina ina ratsa tsakar gida in ƙwace yarinya daga hannun matar da ba ta da kowa, gari ya ce Isuhu ya lashe amansa, ya ci ya goge baki. Wallahi kunya ce ta danne ni, kamar an aza mini buhu.

"A'a Yaya, ba haka nike nuhi ba. Ɗiyarku ce."

"To a bar maganar."

Aka bar ta. Na ce a raina in an yi girbi zan nemi dalili, in ce ta zo ta kwana biyu wurin ƴan'uwanta, daga nan in yi ta ja. Ko uwarku ban gaya wa ba, don na san in ta ji, a ranar za ta je ta ɗauko ta, a yi tashin hankali. Ku lura da kyau, na san hanyar da za ta fitar da yarinyar, shi ya sa na rufe ta. Abin da na iya kawai, in na je sai in ɗauke ta daga ƙasa in ɗora a cinya, in goge mata hannu da bakin rigata, in tafi in bar ta a inda na same ta.

Ba a kai girbin ba. Ƙarshen damina zazzaɓi ya shigo unguwa kamar yadda yake shigowa kowace shekara. Ya kama yayyenta biyu a gidana, ya kama ƴaƴan maƙwabta, ya kama Balki. Magani iri ɗaya aka ba su. Kwana uku sauran suka miƙe suna neman ɗumame, ita kuwa sai ƙasa take yi. Rana ta huɗu da hantsi ta fara jijjiga, Rabi ta goya ta ba ko mayafi, muka bi ta a guje zuwa asibiti. Majo, babban ma'aikacin jinyar asibitin, ya duba idonta da tafin hannunta, ya sa mata ƙarin ruwa, ya yi duk abin da zai iya. Sannan ya juyo gare mu.

"Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, kuma ba yau abin ya fara ba. Akwai wani abu da take ci ko take shaƙa a gida?"

Alhaji na tsaye a damana. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Rabi ta ce cikin kuka ba ta cin komai sai abin da ita ma ta ci. Majo ya jira kaɗan, ya ga ba mai ƙarawa, ya koma kan aikinsa. Ban sani ba ko da na buɗe baki a lokacin akwai abin da zai canza, wataƙila an riga an makara. Amma tambaya ce aka yi, ina da amsa, na haɗiye ta. Balki ta cika kafin la'asar, hannunta cikin na Rabi.

Ba a auna jininta don neman dalma ba, ni kuma ba likita ba ne, mutum ma ba kawa ba ne. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Duk wannan na faɗa wa kaina shekara da shekaru, bai taɓa ba ni barci mai daɗi ba, domin ba a tambayata abin da Allah Ya ƙaddara, abin da na sani na ɓoye shi ne nawa.

Abin da ya biyo baya ya fi muni, don shi da ido buɗe na bar shi. Tun a zaman makoki mata suka fara lissafi: kajinta sun mutu, awakinta sun mutu, cikinta ba ya zama, yanzu ga ɗiyar mutane. Uwarku, wadda baƙin ciki ya rufe wa ido, ita ta fara furta kalmar a fili, ta ce mayya. Kada ku riƙe ta da wannan, ba ta san abin da na sani ba. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta kashe maganar, amma kalmar za ta nuna kangon wana, ta kuma nuna ni. Zargin Rabi ya rufa mana asiri mu biyu, muka lulluɓa da shi. Aka daina karɓar abincinta, aka daina aika mata yara, in ta doso rijiya a watse. Kafin shekara ta zagayo ta tattara kayanta ta koma wurin danginta a Bader Goula, Alhaji bai hana ta ba, bai kuma bi sawu ba. Shi ma daga baya hannuwansa suka saki, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa, ya bar sana'ar dole. Har ya rasu ba mu sake tayar da maganar zauren nan ba. Bayan rasuwarsa na sa aka haƙe daɓen da ƙasar kangon aka kai nesa da gari aka binne, na ce wa mutane gyara ne. Ko yanzu ban yarda da gidan ba, kada ku sa mai ƙananan yara a ciki.

Bara, da na ji ƙarfina ya fara tafiya, na hau mota ranar kasuwa na tafi Bader Goula. Na same ta a wani ɗan ɗaki a ƙarshen gidan ɗan wanta, ta tsufa, idonta ya yi hazo, amma tsakar ɗakin a share tas. Labarin ya riga ta isa can tun tuni, don na lura yaran gidan ba su ƙetare bakin ƙofarta. Ta gane muryata, ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi uwarku da ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Na faɗa mata komai, tun daga kwataman Madam har tambayar majo. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Malam Isuhu, ni na san ban ci Balki ba. Amma shekarun ga duka ina cewa ko wani abu ne gare ni a jiki wanda ban sani ba, tunda duk abin da na riƙa sai ya mutu. Ko jinjiri anka miƙo mani, sai in ce hannuna da ciwo."

Na ce ta yafe mini. Kamar ba ta ji ba.

"Ashe daɓen ne. Ni da hannuna na yi shi, har ina jin daɗi ta samu wuri mai kyau na wasa." Ta ɗago kai wajen da take jin numfashina. "Kuma kana zuwa kana ɗaukar ta kana goge mata hannu, ina ganinka, ina cewa kawaici ne ya hana ka nuna so. Mi ya sa ba ka hwaɗa mani ba? Kunyata ka ji? Wallahi da ka ce mani ƙasar gidan ce, ko ba ka tabbata ba, da ni zan goya ta in kawo maka ita da ƙahwata, in riƙa zuwa ina ganinta."

Ta kira wata jikar gidan ta kawo mini ruwa, yarinyar ta ajiye kwanon daga bakin ƙofa ta juya da gudu.